Gidan Yarin da Ba a Shigarsa Sau Biyu

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa can gabas da babban kogi, wanda Allah ya hore wa gonaki masu albarka, da talakawa masu haƙuri, da baki mai son faɗin alherin mai shi. Sarakunan da ke maƙwabtaka da shi kowa da abin taƙamarsa: wani rumbuna, wani malamai, wani tsayin ganuwa. Shi kuwa taƙamarsa gidan yari. Duk baƙon da ya faɗi gaisuwa a gabansa, falke ne ko jakada, kafin a kawo masa ruwan sha sai ya ji sarki ya ce, "Tun da na gyara gidan yarina, ba a sami mutum guda da ya shige shi sau biyu ba." Fadawa su amsa, "Gaskiyarka, zaki! Ko da wasa!" Baƙo ya yi mamaki, ko ya yi kamar ya yi, gwargwadon ƙishirwarsa.

To, kowace taƙama ta sarki akwai wanda ke ɗauke da ita a ka. Mai ɗauke da wannan shi ne Waziri Barmo, wani dogon mutum mai sanyin murya, wanda bai taɓa ce wa sarki a'a ba, bai kuma taɓa ce masa i har cikin zuciya ba.

Asalin abin, a shekarun baya gidan yarin garin ya zama tamkar masaukin ɓarayi. A saki mutum ranar kasuwa, kafin kasuwa ta sake ci ya dawo yana tambayar ko wani ya taɓa masa tabarma. Har wata rana wani jakada ya yi wa sarki ba'a, ya ce bai taɓa ganin garin da ɓarayi ke gaida Yari, shugaban gidan, suna tambayar lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu ba. Sarki ya ji kunya, kunyar sarki kuwa a kan wani take sauka. Ya kira Waziri a gaban jama'a ya ce, "Na ba ka gidan nan ka gyara. Amma na rantse, ranar da aka nuna mini mutum guda da ya fita ya koma, da hannuna zan kwance rawaninka, ka je ka kwanta a tabarmar da ya tashi a kai."

Waziri ya ce, "Na ji, na karɓa, ya sarki." Ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Da ya gama tunani sai ya fara da suna. Ya hana a ce gidan yari, sai dai Gidan Sabon Hali. Ya sa aka shafe bangon gaba da farar ƙasa. Bangon baya kuwa, da yake baƙi ba sa bi ta can, aka bar shi ga Allah. Sannan ya ce dole kowane ɗaurarre ya koyi sana'a, don kada ya fita hannu rabbana. Sana'ar da ya zaɓa ita ce haɗa figini, wato maficin gashin jimina da ake yi wa sarki fifita da shi. Sana'a ce mai daraja ƙwarai, darajarta ma ta kai dokar ƙasar ta hana kowa mallakar figini sai sarki. Wannan ɗan ƙaramin cikas bai dami kowa a fada ba.

Amma abin da ya fi burge sarki shi ne bikin sallama. Ranar da wa'adin mutum ya cika, a yi masa aski, a yi masa wanka, a kawo shi ƙofar fada. Sarki da kansa zai zura masa farar riga, ya sunkuya ya raɗa masa wata magana a kunne, wadda kowa ya ɗauka addu'a ce. Liman ya sa masa sabon suna kamar jariri, a yanka rago. Mai shela ya zaga gari yana cewa wane ya mutu tare da halinsa, wanda ya fito sabon mutum ne, duk wanda ya kira shi da tsohon suna zai sha bulala.

Wanda aka fara yi wa wannan biki wani ɓarawon akuya ne mai suna Nomau, aka mayar da shi Sabo. Duk gari ya hallara. Har tsohuwar uwarsa, Iya Tsahara, wadda ba ta da kowa a duniya sai shi, aka ɗauko aka zaunar a gaba, sarki ya ba ta shuɗin zane, kowa ya shaida.

Naman ragon bai gama narkewa a cikin fadawa ba, sai ga Yari a zauren Waziri, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Ranka ya daɗe, mun shiga uku. Nomau ya dawo."

Waziri ya ji rawaninsa ya yi sako-sako da kansa. Ya dubi rufin zaure, ya daɗe yana dubansa, har dabara ta sauko masa. Daga wa ta sauko, masu ba da labari ba su faɗa ba.

"Wane Nomau?"

"Mai akuya, ranka ya daɗe."

"Yari, bulala kake sha'awa? Nomau ya mutu. Kai ma ka ci naman, ina kallo ka tafi gida da kai da ƙafa. Wa aka kamo?"

Yari ya ce, "Sabo."

"Sabo ya taɓa shiga gidanka?"

"Bai... bai taɓa ba."

"To, ka karɓi baƙo da kyau. Shigarsa ta farko ce, kada ya tsorata."

Tun daga ranar gyaran ya kama aiki yadda ake so. Kowa ya shiga, sabon shiga ne. Gidan ya ci gaba da cika kamar da, ɗakin ajiyar fada ya cika da figini har ana tura ƙofa da kafaɗa, liman ya fara ƙorafin sunaye sun kusa ƙare masa. Sarki ya yi ta taƙama, Waziri ya yi ta ramewa, domin duk lokacin da sarki ya sunkuya zai zura wa wani riga, sai gabansa ya faɗi, ya ce yau kam zai gane fuskar. Sarki kuwa bai taɓa nuna ya gane ba. Waziri ya gode wa Allah da ya halicci sarakuna ba sa kallon talaka a fuska.

A bayan gari akwai wani tsoho, Malam Anaruwa, wanda ya taɓa zama alƙali ya ajiye da kansa, wai ya gaji da yanke wa fuska ɗaya hukunci. Ya koma wata bukka da littattafansa da akuya guda ja. Wata rana, fada cike da baƙi daga ƙasashe, sarki ya gama faɗin taƙamarsa ke nan, sai ga tsohon nan ya shigo yana dogara sanda, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Fadawa suka ce, "Sarki ya gaishe ka, Malam."

Ya ce, "Ya sarki, murna na zo yi maka, kuma na zo da tambaya, domin na ga abin da ya fi ƙarfin karatuna."

Sarki ya ce, "Tambayi, Malam. Ga Waziri, ba a rasa amsa a wurinsa."

"Na ji ana sakin mutane, ba mai komawa. Na kuma ji gidan a cike yake kamar kullum. Na zaga gari na duba mutanen kirki, ban ga an rasa kowa ba. To, ina ake samo sababbin ɓarayin?"

Waziri ya yi murmushi. "Haihuwarsu ake yi, Allah gafarta Malam."

"Da gemunsu?"

Wani jakada ya kai hannun riga baki. Sarki ya yi tari, ya ce a kawo wa Malam goro, a raka shi, tsoho ba ya son dogon zama. Amma Malam Anaruwa ya gyara zama.

"Saura guda, ya sarki. Akuya gare ni. Shekarun baya wani Nomau ya sace ta: mutum ne mai wushirya, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Allah ya jiƙansa, na ji shelar mutuwarsa. Ba a daɗe ba wani Sabo ya sace ta, shi ma da wushirya, shi ma da ɗingishi. Bayansa wani Tunau, bayansa wani Shekarau, yanzu kuma wani Maikuɗi. Duk wushirya, duk ƙafar hagu. Na bincike littattafaina kaf, ban ga inda aka ce jar akuya tana jawo masu wushirya ba."

Waziri ya ce, "Mutane suna kama da juna, Malam. Ikon Allah ne."

"Haka ne. Akuyar ma abin ya ruɗe ta. Da ta hango na ƙarshen nan, da kanta ta miƙe ta bi shi."

Wannan karon jakadu ba su iya ɓoye dariya ba. Sarki ya ga ba mafita, ya ɗaure fuska ya ce, "Malam, kana nufin mutum ɗaya ne? Ka san rantsuwar da ke kan wannan magana. Ka kawo shaida ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci. In ka kasa, ka bar ƙasata kai da akuyarka. In ka kawo, Waziri ya san makwancinsa."

Malam ya ce, "Shaidata ɗaya ce, ya sarki: uwar Nomau."

Washegari da hantsi Waziri ya tafi Gidan Sabon Hali, ya shiga ta ƙofar gaba mai farar ƙasa, ya toshe hanci a tsakar gida. Ya iske mutumin zaune a inuwa yana jera gashin jimina, hannunsa na tafiya kamar na wanda aka haifa a cikin sana'ar.

"Kai, Maikuɗi."

Mutumin bai ɗago ba, sai da na kusa da shi ya zungure shi. "Af! Ni ne. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, sunan bai gama zama ba."

Waziri ya tsuguna, ya rage murya. "Don girman Allah, duk akuyoyin garin nan, me ya sa kullum ta Malam?"

"Ita ce a bakin hanya, kuma ba ta gardama. Ni ba ci nake yi ba, ba sayarwa nake yi ba. In na kwance ta, kai tsaye wurin dogarai muke zuwa, a mayar wa Malam abarsa, ni a kawo ni nan."

"Wato da gangan kake dawowa? Bayan duk abin da aka kashe a kanka? An yi maka aski, an yanka maka rago, sarki ya sa maka riga!"

"Wallahi na gode, ranka ya daɗe, rigar tana da kyau. Sai dai duk gari an san ta. Ina shiga kasuwa kowa ya dafe aljihu. Na je neman ƙodago, mai gona ya hango farar riga ya ce aikin ya ƙare, alhali ciyawa ta kai gwiwa."

"Ba ka da gonar kanka?"

"Akwai ta ubana. Da na fita karon farko na je, na tarar baffana ya shuka dawa. Na ce Baffa, gonata. Ya ce gonar Nomau ce, Nomau kuwa sarki ya ce ya mutu, shi ya ci gadonsa. Na ce ai ni ne. Ya ce in sake faɗa ya kira dogarai su yi mini bulala, shi bai san wani Sabo a danginmu ba."

Waziri ya ce, "To sana'ar da aka koya maka fa?"

"Na gwada. Na haɗa figini guda mai kyau na kai kasuwa. Dukan da na sha ranar ya fi na akuya." Ya busa gashin da ke hannunsa ya daidaita shi. "Nan kuwa akwai tuwo, akwai tabarma, kuma kowa ya san ni, ko da ba a faɗa."

Wani abu ya ɗan soki Waziri a ƙirji. Ya jira ya wuce, ya wuce ɗin, domin ya saba.

Ya ce, "Ji nan. Ranar Jumma'a za a kawo uwarka fada. Kai Maikuɗi ne, ba ka taɓa jin wani Nomau ba. In ta kira ka da sunan nan, kada ka amsa."

Mutumin ya yi dariya har wushiryarsa ta bayyana. "Iya ta kira sunana? Ranka ya daɗe, ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni sunan nan bai taɓa fita bakinta ba. Ko wani mai sunan ta gamu da shi, sai ta ce mai sunan wancan."

Waziri ya miƙe tsaye a hankali, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ɗan fari! Ai macen ƙasar nan ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, balle a gaban sarki da baƙin maza. Malam Anaruwa, da duk karatunsa, ya kira shaidar da kunya ta ɗinke wa baki. Ranar Waziri ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Jumma'a ta zo, fada ta cika har waje. Aka jero ɗaurarru a gaban sarki, duk an yi musu aski ƙwal, Waziri ya sa Maikuɗi a tsakiya, ya ce kowa ya rufe baki kada a ga haƙori. Aka shigo da Iya Tsahara, 'yar ƙaramar tsohuwa, ɗaure da shuɗin zanen nan da sarki ya ba ta, ya koɗe har ya koma fari-fari.

Sarki ya ce, "Iya, kin gane zanen nan?"

"Allah ya ja zamaninka, kai ka ba ni. Ya yi ƙarko, sai dai bai zo da ɗan'uwa ba."

"Mene ne sunan ɗanki?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Wai! Sarki, a gaban mutane?"

"Umarni ne."

"To a yanka ni kawai."

Fada ta ɗauki dariya. Waziri ya matso, muryarsa kamar zuma. "Ya sarki, ga shaidar Malam. An tambaye ta suna, ba ta da suna. Ina roƙon a tausaya wa tsoho, a bar shi ya kwana kafin ya kama hanya."

Malam Anaruwa ya ce, "Na gode da tausayi, Waziri, na san yana da wuyar samu a wurinka. Ya sarki, ba sai ta faɗi komai ba. Tsohuwa ta zo fada, ga bayin Allah a tsaye. A bar ta ta gaishe su kawai, kada a ce ba ta da ladabi."

Waziri ya juya maganar ta kowane gefe, bai ga tarko ba. Sarki ya ɗaga hannu.

Iya Tsahara ta fara daga farkon layi. Tsohuwa ce mai son hira, ba ta wuce kowa haka nan ba. "Sannu ɗan nan, Allah ya kawo ƙarshen wahala. Sannu, kai kuma ina ka baro kunnenka guda? Kai, ba jikan mai daddawa ba ne? Har yanzu kana nan?" Waziri ya yi tari mai ƙarfi. Ta ci gaba, tana gaisuwa tana sa albarka, har ta iso tsakiya.

Nan ta yi shiru. Ta kawar da fuska wajen bango, ta ja mayafi, ta ɗan kewaye mutumin kamar mai kewaye rijiya, ba kallo ba gaisuwa. Shi ma ya sunkuyar da kai ƙasa yana wasa da yatsan ƙafa. Da ta wuce shi sai bakinta ya buɗe: "Sannu ɗan nan, Allah ya kawo ƙarshen wahala."

Guna-guni ya tashi daga bayan fada ya iso gaba. Sai yanzu Waziri ya ga tarkon. Ya dogara da kunyar da ta rufe mata baki, ya manta ita ce kuma ke juya mata fuska.

Malam ya ce, "Ya sarki, ga tambaya mai sauƙi. Wane ne mace ke gaida duk duniya ta tsallake shi, ba faɗa suka yi ba, ba gaba suke yi ba?"

Wani jakada ne ya ce, "Ɗanta na fari. A ƙasarmu ma haka ne."

"Ɗa guda ta haifa, duk garin nan an sani. A bikinsa aka ba ta zanen da ke jikinta. To, ko dai mamaci ya tashi ya koyi haɗa figini, ko kuwa mutum ya shiga gidan sarki fiye da sau ɗaya."

Sarki ya miƙe tsaye, idonsa jawur. "An yaudare ni! Shekara da shekaru ana sa ni faɗin abin da ba shi ne ba a gaban baƙi! Wallahi da na san mutum ɗaya ake ta kawo mini, da tuni na ɗauki mataki. Waziri, matso!"

Waziri ya matso, ya durƙusa. Sarki ya kama bakin rawani ya fara warwarewa, naɗi ɗaya, naɗi biyu, yana cewa, "Yau za ka kwana a tabarmar wannan mutum."

Sai aka ji murya daga tsakiyar layi. "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara, ina da kuka."

Nomau ne, ya zube ƙasa.

"In Waziri ya kwanta a tabarmata, ni ina zan kwanta? Ni ban taɓa saɓa maka ba. Ko wancan karon da kake sa mini riga, ka ce mini a kunne, 'Kai mai akuya, don Allah wannan karon ka bari baƙina su tafi kafin ka dawo.' Kuma na bari. Wallahi da yunwa da komai na jira, sai da na ga ƙurar tafiyarsu sannan na je wurin akuyar Malam."

Aka yi tsit, har mai fifita ya tsaya da figini a sama.

Hannun sarki na kan rawani. Waziri, yana durƙushe, ya ɗaga ido ya dubi ubangidansa. Ya tuna duk tuwon da ya kasa ci, da duk faɗuwar gaban da ya yi a ƙofar fada, yana ɓoye wa mutum abin da mutumin ke raɗawa a kunne. Sarki ya dubi Waziri, ya dubi jakadu, ya dubi ƙasa. Sannan a hankali ya fara mayar da naɗin rawanin. Da yake bai taɓa naɗa wa wani da hannunsa ba, ya fito a karkace, amma ba wanda ya ga dacewar ya gyara.

Ya koma ya zauna. Da ya yi magana, muryarsa ta ragu.

"Malam, tabarmar nan ba za ta ɗauke mu ni da Waziri ba. Me ka gani?"

Malam Anaruwa ya ce, "Ya sarki, kun gyara komai a gidan nan sai abin da ke bayan ƙofarsa. Kun aske masa kai, kun aske masa suna, kun aske masa gona, sannan kuka ce je ka yi halin kirki. Da me? A mayar masa da sunan da ubansa ya yanka wa rago. A karɓi farar rigar, a ba shi fartanya da iri. A koya wa na ciki abin da talaka zai iya saya. Sannan wani babba ya taka da ƙafarsa ya raka shi wurin baffansa, ya ce Nomau bai mutu ba, ƙarya muka yi."

Sarki ya ce, "Waziri zai je."

Malam ya ce, "Shelar da sunan sarki aka yi ta."

Sarki ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "To, mu je tare."

Malam ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Adalci ba ya ƙarewa a ƙofar fita, ya sarki. Wanda ka saka ba ka bar masa inda zai je ba, kai ka kira shi ya dawo."

Iya Tsahara tana bakin ƙofa, har yanzu fuskarta na wajen bango. Ta ce wa dogarin da ke kusa da ita, "Ka ce wa wancan, in sun gama, akwai ɗumame a gida."

An ce damina ta gaba Nomau ya noma dawa a gonar ubansa, akuyar Malam kuwa ta yi ta tsayawa a bakin hanya tana duban gabas, ba mai zuwa. Gidan yari bai zama kango ba, wasu sun koma, amma yanzu in mutum ya koma da sunansa yake komawa, a tambaye shi abin da ya dawo da shi. Sarki ya daɗe bai yi taƙama ba, har fadawa suka fara tsoron ko ba shi da lafiya.

Sai wata rana da wasu baƙi suka zo, aka ɗauko labarin, sarki ya gyara zama ya shafa gemu ya ce, "Ai duk fadar nan ni na fara gane cewa mutum ɗaya ne."

Waziri Barmo ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Gaskiya ne, ya sarki. Tun dawowarsa ta farko."